Yadda Ake Farautar Barewa a Dazukan Wiskonsin Lokacin Kaka

A jihar Wiskonsin da ke arewacin Amurka, ranar Asabar ɗin da ta gabaci Ranar Godiya, wato hutun da ake yi a Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, mutane fiye da rabin miliyan kan ɗauki bindiga su shiga daji tun kafin gari ya waye. Wannan ita ce ranar buɗe farautar kwana 9, kuma abin da ake nema shi ne barewa mai farar wutsiya, wadda namijinta kan haura kilo 90 a dazukan arewa. A wajajen 1900 dabbar ta kusa ƙarewa a Amurka saboda farautar kasuwa da sare dazuka, har aka ƙiyasta cewa abin da ya rage bai wuce 500,000 ba. Yanzu ana maganar kimanin miliyan 30, kuma doka ce ta dawo da ita: an hana sayar da naman daji, an ƙayyade lokacin farauta, sannan dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ɗora haraji a kan bindigogi da harsasai, ana zuba kuɗin a aikin kula da namun daji. Saboda haka wanda zai shiga wannan farauta, da takarda zai fara.

Mataki na farko: takardu da iyakokin doka

Hukumar albarkatun ƙasa ta jihar, wadda kowa ke kira DNR, ita ke sayar da lasisi ta shafinta na Go Wild da kuma shagunan kayan farauta. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973 zuwa yau sai ya nuna shaidar kammala kwas ɗin koyon farauta kafin ya fita shi kaɗai. Wanda bai yi kwas ɗin ba yana iya fita a ƙarƙashin ƙwararren mai lasisi, da sharaɗin kada ya yi nisa da shi fiye da inda hannu zai kai. Ina ganin wannan ita ce hanya mafi kyau ga sabon shiga ko da ya ci kwas ɗin, domin kaka ɗaya a gefen tsohon maharbi tana koyar da abin da aji ba zai koyar ba.

Ɗan'uwan da ke zaune a Amurka da bizar karatu ko ta ziyara ya kula sosai a nan. Dokar tarayya ta hana mai irin wannan biza riƙe bindiga sai da wasu keɓaɓɓun dalilai, kuma ingantaccen lasisin farauta yana cikinsu. Lasisin ake fara mallaka kafin a taɓa bindiga, ko ta aro ce.

Kowace takardar izini tana faɗin irin dabbar da aka yarda ka harba. Ta namiji daban, ta marar ƙaho daban, kuma ta biyun tana ɗaure da yanki da irin filin da za ka yi farauta a kansa, na gwamnati ko na wani. A lissafin jihar, barewar da ƙahonta bai kai inci 3 ba marar ƙaho ce. Farar barewa fat kuwa an haramta harbinta gaba ɗaya.

Wanda ya san farautar gida ta gayya, da karnuka da gangi da cinna wa daji wuta, ko ta dare da cocila a goshi, ya ajiye duk wannan a gefe. A Wiskonsin laifi ne korar barewa da kare, laifi ne haska ta da fitila kana riƙe da makami, kuma lokacin harbi yana farawa ne minti 30 kafin fitowar rana, ya ƙare minti 20 bayan faɗuwarta. Ba a harbi a cikin tazarar ƙafa 50 daga tsakiyar titi. Ba a shiga gonar wani ko dajinsa sai da izininsa, ko babu shinge ko allo, ko da dabbar da ka harba ce ta faɗi a ciki. Zuba masara don jawo dabba an hana shi a gundumomi da yawa. Ƙa'idojin kan ɗan canja daga shekara zuwa shekara, don haka a karanta littafin dokokin wannan kakar tun daga bango har bango.

Mataki na biyu: sanin dajin kafin ranar buɗewa

Filin farauta na gwamnati yana da yawa. Gandun dajin tarayya na Chequamegon-Nicolet kaɗai ya kai kimanin eka miliyan 1.5, ga dazukan gundumomi da na jiha. Abin da ke wahala shi ne gano ƴar kusurwar da barewa ke bi da rana a cikin wannan faɗi, kuma wannan aiki ne na Satumba da Oktoba.

Rayuwar barewa tana kewaye da wurare biyu, makwanci da wurin kiwo. Tana wuni a kwance cikin sarƙaƙiya, a gefen fadama, ko a inda aka sare itatuwa shekarun baya sababbin tsirrai suka yi duhu, ko a kan kafaɗar tudu inda take shaƙar abin da ke bayanta tana kallon abin da ke gabanta. Da la'asar sakaliya sai ta tashi ta nufi abinci, da asuba kuma ta koma. A kudancin jihar abincin shi ne gonakin masara da waken suya da ciyawar shanu. A cikin daji kuwa babu abin da ya kai ƴaƴan itacen ok. Farin ok, mai ganye da gefe a zagaye, ƴaƴansa ba su da bauri sosai, kuma su dabbar ke fara cinyewa. Jan ok, mai ganye da tsini, nasa sun fi bauri amma sun fi daɗewa a ƙasa, shi ya sa zuwa ƙarshen Nuwamba a gindinsa aka fi samun sawu. Idan ka tarar da bishiyar da aka birkice ganyen ƙarƙashinta, ga ɓawon ƴaƴa a farfashe, ga kashi baƙi mai sheƙi da bai bushe ba, to ka sami wurin kiwo na wannan makon.

Namiji yana barin alamu iri biyu da ya kamata ka iya karantawa. Na farko, yana goga ƙahonsa da goshinsa a jikin ƙananan itatuwa har ɓawo ya saɓule, farin itace ya fito. Idan ka ga irin wannan guga a jere, itace bayan itace, turbarsa ce, kuma ɓangaren da aka goge yana nuna daga inda ya fito. Na biyu, yana tone ganye da kofato har ƙasa ta bayyana, ya yi fitsari a wurin, a ƙarƙashin wani reshe da ya sunkuyo daidai kansa, wanda yake lasa yana shafa masa warin fuskarsa. Sababbin maharba sukan ga wannan tono su kafa kujera a kansa, alhali mafi yawan ziyarar da ake kai masa da dare ne. Amfaninsa shi ne ya tabbatar maka akwai namiji a yankin. Wurin kwanto kuwa ka neme shi a kan turbar da ta haɗa makwanci da wurin kiwo, musamman inda ƙasa ta matse hanya: siririn tudu tsakanin fadama biyu, wuyan daji tsakanin gonaki biyu, ko mashigar rafi.

Lokacin barbara yana sauya komai. Raguwar tsawon yini ce ke tayar da shi, kuma a wannan yanki yakan kai ƙololuwa daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyarsa. A makonnin nan namiji yana rage ci, yana yawo da rana yana neman mata, shi ya sa masu kwari da baka, waɗanda lokacinsu ke buɗewa tun tsakiyar Satumba, suka fi son farkon Nuwamba. Zuwa ranar buɗe farautar bindiga zafin barbara ya fara sauka, kuma abin da ke motsa dabba a lokacin shi ne yawan mutane a daji. Sai ka tambayi kanka ina barewa za ta gudu idan motoci suka cika bakin hanya. Amsar kusan kullum ita ce wuri mafi duhu, mafi jiƙa, mafi wuyar shiga.

Mataki na uku: iska

A kan wannan mataki farauta ke yin kyau ko ta lalace. Barewa na iya ganin motsinka ta tsaya tana shakka, tana iya jin ƙarar kara ta ɗauka kurege ne, amma idan ta shaƙi warin mutum ba ta jiran ƙarin bayani. Sabulai da feshin kashe wari da ake sayarwa suna ragewa kaɗan, sai dai babu wanda zai dogara da su. Ka zauna inda iska ke tasowa daga wajen dabbar zuwa gare ka, kuma ka shiga wurin ta hanyar da warinka ba zai bi ta kan makwanci ba, ko da hakan na nufin zagaye mai nisa. A wuri mai tudu da kwari akwai ƙarin lissafi: da safe idan rana ta ɗumama ƙasa iska na hawa sama, da yamma idan sanyi ya sauko tana gangarawa kwari. Don haka da hantsi ka kasance sama da turbar, da yamma ka kasance ƙasa da ita. Ƴar kwalbar hoda ko ɗan audugar da za ka saki ka bi da ido ta fi hasashen waya gaskiya, domin iskar cikin daji tana lanƙwasa yadda ta ga dama. Ka tanadi wuraren kwanto biyu ko uku don iskoki daban-daban. Ranar da iska ta saɓa wa wurin da ka fi so, ka haƙura da shi.

Mataki na huɗu: makami, sutura da kujera

Harsasai masu lamba .243 da .270 da .308 da .30-06 duk sun isa. Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne ka je filin gwaji kafin kaka, ka daidaita madubin saiti a yadi 100 da ainihin harsashin da za ka yi farauta da shi, sannan ka gwada harbi a zaune da a durƙushe, sanye da rigar sanyinka. Wurin kisa a jikin barewa, wato huhu da zuciya, faɗinsa bai wuce na farantin cin abinci ba. Iyakar nisan da kake iya zuba kowane harsashi a cikin wannan faɗi, shi ne iyakar nisan harbinka. Ga mai baka, mita 20 zuwa 30 ne. Na fi son harsashin jan ƙarfe a kan na dalma, saboda dalma na tarwatsewa ƙanana a cikin nama nesa da raunin, kuma yara da masu juna biyu ne suka fi cutuwa da ita.

Lokacin farautar bindiga doka ta wajabta aƙalla rabin suturar da ke saman ƙugu ta zama ruwan lemo mai ƙyalli ko ruwan hoda mai ƙyalli, har da hula idan an sa. Wannan ba ya tona ka, domin idon barewa ba ya rarrabe ja da ruwan lemo sosai. Shuɗi ne take gani da kyau, sai a guje shi. Ka sa tufa hawa-hawa, na ulu ko na roba, ban da auduga a jikin fata, saboda tana riƙe gumi ta daskarar da mutum.

Yawancin munanan raunukan da mafarauta ke samu daga faɗowa ne daga kujerar da ake ɗaurawa a jikin bishiya. Ka sa ɗamarar kariya mai kama jiki duka, ka kasance a ɗaure da bishiyar tun daga ɗaga ƙafar farko har dawowarka ƙasa. Bindiga ba a hawa da ita. Ana cire harsashi, a ɗaure ta da igiya bakinta na kallon ƙasa, a jawo ta bayan an zauna. Wanda ba ya son hawa ya zauna a ƙasa ya jingina da bishiyar da ta fi kafaɗunsa faɗi.

Mataki na biyar: zama da harbi

A ƙarshen Nuwamba rana kan fito wajen ƙarfe 7 ta faɗi kafin 4:30, don haka akwai sararin yin sallar Asuba a bakin mota sannan a shiga. Ka gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka. Ka isa wurinka da sauran duhu, ka share busasshen ganye daga ƙarƙashin ƙafarka, ka zauna. Ido ke fara juyawa, kai ya biyo a hankali. Kada ka jira ganin dabba sukutum. Abin da za ka fara gani shi ne kaɗawar kunne, ko layin gadon baya a kwance tsakanin itatuwan da ke tsaye. Idan sanyi ya kori sauran mutane zuwa motocinsu wajen ƙarfe 10, tafiyarsu ce ke tayar da dabbobi, kuma mai haƙurin zama har azahar shi ke cin moriyar.

Kafin yatsa ya shiga wajen kunama, ka tabbatar da abu uku: barewa ce, irin wadda takardarka ta halatta ce, kuma akwai ƙasa a bayanta da za ta tare harsashi. Dabbar da ta tsaya a kan tsinin tudu, sararin sama a bayanta, ba a harbinta. Ka jira ta ba ka gefe, ko ta ɗan juya maka baya kaɗan. Ka bi ƙafar gaba da ido zuwa sama, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki daga ƙasa, dab da bayan kafaɗa. Harbin kai ko wuya ko na dabba mai gudu ba na ba kowa shawararsa, domin kuskuren ɗan yatsa biyu ya isa ya farfasa muƙamuƙi, dabbar ta tafi ta mutu da yunwa. Ka ce Bismillahi, Allahu Akbar, da niyyar farauta, sannan ka matsa kunama a hankali.

Mataki na shida: bin jini da hukuncin yanka

Bayan harbi ka sake ɗura harsashi, ka riƙe abu biyu a ka: inda dabbar take tsaye, da itacen da ka gan ta a kusa da shi na ƙarshe. Wadda aka samu a huhu biyu ko zuciya takan zabura da gudu ta faɗi cikin daƙiƙoƙi, galibi kafin mita 100. Jinin da ke wurin zai ba ka labari. Ja mai haske da kumfa na huhu ne. Ja mai duhu na hanta ne, kuma maharba kan jira kimanin awa 4. Ruwa mai kore-kore da warin tumbi yana nufin an sami ciki, a nan kuwa sukan jira awa 8 zuwa 12, saboda dabbar da ba a kora ba takan kwanta a kusa, wadda aka tayar kuwa takan yi nisan da ba a sake ganinta. Ka bi sawun daga gefe kada ka taka shi, kana sa alama a ɗigon ƙarshe, kana duba jikin ganye daidai tsayin ƙugu. Jihar ta yarda a bi jini da kare a ɗaure da igiya bisa wasu sharuɗɗa.

Musulmi yana da ƙarin lissafi a nan. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim an halatta abin da makami ya huda, an hana abin da ya buge da faɗinsa, kuma a kan wannan malamai da yawa na baya-bayan nan suka halatta abin da harsashi ya kashe. Idan ka riski dabbar da ranta, sai ka yanka. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun tsananta a wurare uku: Muhtasar na Halilu ya hana cin abin da maharbi ya yi sakacin binsa har ya mutu alhali da zai riske shi da rai, da wanda ya mutu saboda wuƙa tana cikin jaka ko a hannun wani, Risala kuma ta kawo maganar abin da ya kwana ba a gan shi ba, tare da ra'ayin da ya halatta shi idan an sami kibiyar a makasa, wato wurin kisa. An kuma hana cin wanda aka tarar ya nutse a ruwa, kuma barewa mai rauni takan nufi ruwa. Saboda haka wuƙa mai kaifi ta zauna a ƙugunka. Batun doguwar jira bayan harbin ciki kuwa, a kai shi gaban malami tun kafin kaka. A ganina wannan shi ne babban dalilin da zai sa Musulmi ya ƙi duk wani harbin da ba na huhu da zuciya ba.

Ka tunkari dabbar da ta faɗi ta bayanta, bindiga a shirye. Matacciya idonta a buɗe yake. Idan ido a rufe yake, ko tana ƙoƙarin tashi, kada ka kai hannu, domin kofato da ƙaho suna illa. Ka sake harbi da bisimilla, sannan ka yanka.

Mataki na bakwai: fiɗa, rajista da nama

Ka cire harsashi daga bindiga, ka sa safar hannu ta roba, ka kwantar da dabbar rigingine, kanta a sama da gangara. Ka zagaye dubura da wuƙa ka saki hanjin daga ƙashin ƙugu. Ka tsaga fatar ciki daga mara zuwa ƙirji, kaifin wuƙa na kallon sama, yatsu biyu a ƙarƙashinta suna danne tumbi kada ya fashe. Ka yanke tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ka zura hannu ka kamo maƙogwaro ka ja, kayan ciki za su biyo gaba ɗaya. Ka kula da mafitsara. Ka kifa gawar jini ya tsiyaye, sannan ka tokare ƙirji da sanda iska ta shiga, domin ana so nama ya sauka ƙasa da digiri 4 na Salshiyas da wuri. Wajen fitarwa ja ake yi, ba a saɓa barewa a kafaɗa a dajin da ke cike da bindigogi. Da ka isa gida ka duba jikinka, saboda kaskar barewa mai ɗauke da cutar Laim, wadda ke kama mutum ta cizon kaska, tana nan da ranta muddin ƙasa ba ta daskare ba.

Rajistar dabbar da ka harba wajibi ce, ta tsarin DNR mai suna GameReg a intanet ko ta waya, kafin ƙarfe 5 na yammacin ranar da ta biyo bayan samun dabbar.

Saura cutar CWD, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar barewa. An fara gano ta a jihar Kolorado a 1967, aka tabbatar da ita a Wiskonsin a 2002, kuma ta fi yawa a kudu maso yammacin jihar. Wani gurɓataccen furotin ne ke kawo ta, dafuwa ba ta kashe shi, kuma dabba na iya ɗauke da ita wata da watanni tana da ƙiba da ƙoshin gani. Ba a tabbatar da ta kama ɗan Adam ba, amma hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman da gwaji ya nuna yana da ita. DNR na da wuraren ajiye kai don gwaji, kuma akwai ƙa'ida kan fitar da gawa daga gundumomin da cutar ta shafa. Mu da ba ma zubar da kai da ɓargo, a nan sai mun daure: ƙwaƙwalwa da laka da idanu da saifa da kaluluwa ba a cin su, ƙashi kuma ba a sara shi, zare nama ake yi daga jikinsa. Ka rubuta lambar dabbar a kan kowace leda, ka ajiye a firiza har sakamako ya fito.

Tsokar da za ka samu ba ƙashi takan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin dabbar da rai. Ka cire kitsen duka, domin yana daskarewa a baki kuma shi ke ɗauke da ƙarni. Naman gadon baya ya fi dacewa da tsire ko gashi na ɗan lokaci, wuya da ƙwauri sai doguwar dahuwa irin ta farfesu ko dambun nama, cinya kuma ita ce ta kilishi, da sharaɗin zafin naman ya kai digiri 71 na Salshiyas a cikin tanda, kamar yadda ake so ga niƙaƙƙen nama. Sayar da shi haramun ne a doka, amma kyauta ta halatta, kuma wanda ya harbi fiye da buƙatar gidansa yana iya miƙa dabbar ga shirin bayar da nama na jihar, wanda tun 2000 yake raba shi ga mabuƙata ta hannun mahautan da suka yi rajista.